Ɗaukar jariri in yana kuka ba sangarta shi ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili kan maganar nan da ake yawan yi wai in ana ɗaukar jariri duk sanda ya yi kuka za a sangarta shi. Wallahi abin na damuna sosai. Jariri fa ba shi da baki sai kuka, in ya tsanyara aka zo aka ɗauke shi aka rarrashe shi, to yau da gobe a haka yake gane akwai wanda zai dogara da shi, ko uwa ce ko uba ko kaka, duk dai mai kula da shi kullum. Likitan nan na Ingila John Bowlby ya daɗe da yin bayanin haka, kuma a 1958 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Harry Harlow a Amurka ya nuna jariran birai sun fi maƙale wa uwar bogi da aka naɗe da tsumma mai laushi a kan wadda aka ƙera da wayar ƙarfe mai ba su madara, kenan ba cikar ciki kaɗai ke kawo shaƙuwa ba.

Ku duba yaro ɗan wata 8, baƙo na miƙo hannu sai ya ƙanƙame wuyan uwarsa ya ɓoye fuska. Ƙiwa ce, lafiyarsa ƙalau, don Allah a daina yi masa tsawa.

Taku,
Wata mai karanta jaridarku