Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Hausawa Mazauna Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, yayye da ƙanne, ga bayanin abin da kwamiti ya gudanar daga babban taron bara zuwa yau.

Hidimomin da aka saba sun tafi lafiya. Mun yi buɗa-baki tare a watan azumi, mun yi walimar ƙaramar sallah da babba, ajin Hausa na yara ranar Asabar bai tsaya ba sai lokacin hutu. Asusun jana'iza ya yi aikinsa a rashe-rashen da aka yi mana, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana ba ya cikin abin da muka tsara. Daga dubiya ya faro. Matan kwamiti sun je gaida wata Hajiya da ke fama da shanyewar ɓarin jiki, wadda ƙaramar hukuma ta shirya a riƙa turo masu kulawa gidanta safe da yamma. Wajen ƙarfe sha ɗaya suka isa, suka tarar ko karyawa ba ta yi ba. Maganin safe yana cikin kwalinsa a kan tebur, ita kuma tana bakin gado da kayan barci. 'Yarta ta ce kwana uku ke nan namiji ake turowa, Hajiya kuwa ba za ta yarda ya yi mata wanka ba. Da aka ce a kai koke, sai Hajiya ta ce: "A'a 'ya'yana, ƙasar mutane ce. Ana taimakonka kuma ka ce an ɓata maka? A yi haƙuri."

Wannan maganar mun sake jin ta a gidaje da dama. Haƙuri da kunya tarbiyyarmu ce, ba mai raina su. Amma kulawar nan haƙƙi ce da doka ta tanada, kuma da yawa daga dattawanmu sun shekara da shekaru suna biyan haraji a ƙasar nan. Dokar Care Act ta 2014, wadda ta fara aiki a Afrilun 2015, ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta auna bukatun duk babban mutumin da ake ganin yana bukatar kulawa, ta kuma yi la'akari da ra'ayinsa da abin da ya yi imani da shi. Alwala, abincin halal, mace ta kula da mace, duk abubuwa ne da ake faɗa a wajen awon, a sa su cikin takardar tsarin kulawa. Da muka duba takardar Hajiya, babu ko ɗaya a ciki. Da Turanci aka yi mata tambayoyin ba tafinta, ita kuma ta yi ta cewa to.

Mun zauna da 'yarta muka sayi littafin rubutu. Kullum a rubuta ranar, lokacin da mai kulawa ya shigo, lokacin da ya fita, abin da aka yi da abin da aka bari. Bayan mako biyu muka rubuta koke zuwa ƙaramar hukumar, Hajiya ta sa hannu cewa 'yarta ce za ta wakilce ta. Bisa ƙa'idojin 2009 na sauraron koke, dole su sanar cewa sun karɓa cikin kwana uku na aiki, kuma haka aka yi. An sake awo da tafinta, an rubuta cewa mata ne za su riƙa zuwa. A ganina littafin nan ne ya yi aikin. "Ba sa zuwa da wuri" magana ce da ake iya musawa, amma shafi cike da ranaku da lokuta ba a musa shi.

Ba kowane ne ya yi kyau haka ba. Akwai wani Baba da aka caje shi kuɗin ziyarar da ba a yi ba, iyalinsa suka yi shiru har shekara ta wuce da watanni kafin su gaya mana. Wa'adin kai koke wata 12 ne daga lokacin da abin ya faru ko aka san da shi, sai dai in akwai ƙwaƙƙwaran uzuri. Mun rubuta, ba a karɓa ba. Har da laifinmu a ciki, don mun sha zuwa gidan muna gaisawa ba mu taɓa tambaya ba.

Tambayar da aka fi yi mana ita ce: in ƙaramar hukuma ta yi biris fa? Sai a wuce ofishin Local Government and Social Care Ombudsman, wanda ke bincike kyauta bayan an ba hukumar ko kamfanin damar amsawa. Wanda ke biyan kuɗin kulawarsa da kansa, kamar mai ajiyar da ta haura fam 23,250, kamfanin zai fara kai wa koke, daga nan ya wuce wannan ofishin. Hukumar CQC, mai duba kamfanoni da gidajen kula da tsofaffi, ba ta warware koken mutum ɗaya, amma tana karɓar bayanin abin da aka gani, mai kyau ko marar kyau, tana amfani da shi wajen dubawa. In kuwa duka ne, ko zagi, ko cin kuɗin tsoho, ba a jiran amsar takarda: a kira sashen kare manya na ƙaramar hukuma nan take, in rai na cikin haɗari a buga 999. 'Yan'uwanmu da suka koma Sikotilan su lura, tsarin can daban ne.

Wani abin da ke hana mutane magana shi ne tausayi. Da yawa daga masu aikin kulawar namu ne, wasu ma suna zaune cikin ɗakin nan. Iyaye kan ce kada a ja wa yarinya kora. Mambobinmu masu wannan aikin sun zauna da mu sun yi bayanin yadda ake jera musu gidaje ba tare da an bar lokacin tafiya ba, mutum ya fito daga wannan gida lokacin na gaba ya riga ya yi. Shi ya sa muke rubuta koke a kan tsarin da kamfani ya yi, ba a kan wadda aka aiko ba. Inda aka kyautata kuma muna rubuta godiya, da sunan wadda ta kyautata, a aika wa kamfaninta.

A shekara mai zuwa kwamiti yana son a ware zama ɗaya kowane wata don duba takardu da rubuta wasiƙu. Muna neman mata biyu da namiji ɗaya masu jin Turanci da Hausa sosai, waɗanda za su iya raka iyali ranar awo. Masu kula da iyayensu a gida su sani cewa su ma suna da haƙƙin a auna bukatunsu, su same ni bayan taro mu cike takardar. Littattafan rubutu suna kan teburin bakin ƙofa, duk gidan da mai kulawa ke zuwa ya ɗauki ɗaya.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamiti