Akwai Bismarck a kwali, ina namu Aradu?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi maganar da na san wasu za su karanta su ce tsoho ya rasa abin yi. Ba komai, na saba. Maƙwabcina ma, Alhajin da muke sahu ɗaya a sallar asuba, duk ranar da ya leƙo ɗakina ya tarar da ni a sunkuye, gilashi a kan hanci, matsefata a hannu, sai ya ce, "Malam, har yanzu ana nan ana wasan yaran?" In ce masa ana nan, Alhaji. Ni tsohon malamin zanen fasaha ne, na shekara 35 ina koya wa yara riƙe rula da kamfas. Tun kafin in yi ritaya, abin da nake cinye yammacina da shi shi ne haɗa ƙananan jiragen ruwa na yaƙi, irin waɗanda ake sayarwa gutsi-gutsi a cikin kwali.

Mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, ya sa mini wannan ciwon ba tare da ya sani ba. Yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kwasa zuwa yaƙin Boma a 1943. Bai cika son zancen dajin ba, amma in aka taɓo jirgin da ya ɗauke su daga Ikko zuwa Indiya, ranar sai an raba dare. Ya ce gari guda ne aka ɗora a kan ruwa, ga jiragen yaƙi masu rakiya a gefe da gefe kamar dogarai. Ni kuwa yaron Zariya, babban ruwan da na sani shi ne Kubanni in ta kawo. Da wani kawuna ya zo mini da tsarabar kwalin kamfanin Airfix, masu yin irin waɗannan jiragen, daga Kaduna, da zanen jirgin Ingila mai suna Hood a jiki, ban yi barci ba. Na haɗa shi a kwana biyu, na dulmuya shi da gam har igwoyinsa suka daina juyawa. Yana nan a kan kantata har yau, da tambarin yatsana a gefensa.

Ga wanda bai taɓa buɗe irin kwalin ba, roba ce a ciki, ɗaruruwan gutsattsari manne a jikin rassa, kowanne da lambarsa, sai takardar da ke nuna wanne ke hawa kan wanne. A jikin kwalin za ka ga 1:350 ko 1:700 ko 1:72. Wannan shi ne awon, kuma shi ne ya raba abin da wasan yara. In an ce 1:350, duk abin da ya kai santimita 350 a jirgin gaske ya koma santimita 1 a hannunka. Ƙato mai tsayin mita 1.75 zai dawo milimita 5, ƙwayar shinkafa ke nan. Ana sayar da 'yan sojojin ruwa masu wannan girman, amma ni ba na sa su. Na tambayi limaminmu tun tuni, ya ce jirgi ba mai rai ba ne, in yi abina. 'Yan mutanen kuwa na bar wa masu so.

Babban aikin da na taɓa yi shi ne Bismarck, jirgin Jamus, na kamfanin Tamiya na Japan. Wani tsohon ɗalibina ne ya riƙo mini shi daga tafiya. Jirgin gaske mita 251 ne, nawa ya tashi santimita 72, kuma ya ci mini wata 14. Haɗa gangar jiki ba wani abu ba ne, mako guda ya isa. Inda ake shan wuya shi ne ƙananan kaya. Shingen da ke kewaye da benen jirgi, wanda ke hana sojan ruwa faɗawa teku, ana sayar da shi daban a fallen tagulla da bai kai reza kauri ba, tsayinsa bai cika milimita 3 ba. Za ka yanke shi da bakin reza a kan gilashi, ka lanƙwasa da matsefata, ka ɗauko ɗigon gam da tsinin allura, sannan ka riƙe numfashi. In ka yi atishawa, sai wata rana. Na taɓa sakin fitilar hange guda ɗaya ta yi tsalle daga bakin matsefata. Kwana uku na hana a share ɗakin. A rana ta huɗu uwargida ta shigo da tsintsiya ta ce, "Malam, ko dai ka tashi ko in haɗa da kai." Ita ta tsinto mini ita a cikin sharar, ta miƙo mini a kan farcenta ba ta ce uffan ba.

Littattafan wannan sana'a an rubuta su ne don ƙasashen sanyi, ba ruwansu da bazararmu. A watan Afrilu fenti kan bushe a bakin buroshi kafin ya isa jikin jirgi, gam kuma ya ƙafe a kwalba ko da ka toshe ta. Da hunturu kuwa ƙura ce. Ka shafa fenti sumul, ka juya ka ɗauko tsumma, ka dawo ka tarar ya yi kamar an barbaɗa masa garin kuka. Dabarar da na koya ita ce in yayyafa wa daɓen ɗaki ruwa, in yi fentin bayan asuba kafin iska ta tashi, in kife babban bahon wanki a kai. Shi fentin ma samunsa aiki ne, don mai kama wuta ne, masu jigilar kaya ta sama ba su cika yarda da shi ba. Sau ɗaya na yi oda, kwalin ya iso a buɗe, babu kwalba ko ɗaya, an kuma karya mini dogon sandan jirgin. Tun daga nan na koma wajen masu fentin mota suna haɗa mini ruwan toka. Sai dai a yi hankali, tina ɗinsu, wato ruwan da suke tsinka fenti da shi, cin roba yake yi. Na koyi wannan ne a kan benen wani ƙaramin jirgi da ya yamutse a gabana ya koma kamar ganda. Yanzu sai na gwada a kan ragowar reshe tukuna. Ita ma ragowar ba a yar da ita: ka kara ta a saman kyandir, in ta yi laushi ka ja a hankali, sai ta miƙe ta zama siririya kamar gashi, da ita ake yin wayoyin da ke tsakanin sanduna.

Abin da Alhaji bai gane ba shi ne ba a fentin jirgi sai an yi karatu, don dole ka zaɓi ranar da kake nufi. Lokacin da Bismarck ke atisaye a tekun Baltik, akwai ratsin baƙi da fari a jikinsa don rikita idon abokan gaba. Da ya tsaya kusa da Bergen a ƙasar Norway ranar 21 ga Mayu 1941, sai aka shafe ratsin da ruwan toka. Ranar 24 ga wata ya nutsar da Hood, mutum 3 kacal suka tsira daga cikin 1,418. Ranar 27 shi ma Ingilishi suka gama da shi, bayan wani ɗan jirgin sama mai fukafukai hawa biyu ya lalata masa abin juya akala, sama da mutum 2,000 suka tafi tare da shi. Saboda haka wanda ya zana wa nasa ratsi ya ce ga jirgin da ya kashe Hood, ya yi ƙarya da fenti. Ni na zaɓi ranar 24, na ajiye shi kusa da tsohon Hood ɗina mai tabon gam. In na dube su tare, ba wasa ke zuwa mini a rai ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bismarck na ɗauke da ƙananan jiragen sama na leƙen asiri da ake cilla su daga tsakiyarsa, sunansu Arado 196. Wata rana jikana ɗan aji shida yana karanta takardar haɗin, sai ya ce, "Kaka, wai aradu ce a kan jirgin nan?" Na yi dariya na ce a'a, wannan Arado ne na Jamusawa, amma mu muna da jirgin yaƙi sukutum mai suna Aradu, da Hausarmu. Ya dubi kantar daga wannan gefe zuwa wancan, ya ga na Ingila, na Jamus, na Japan, na Amurka. Ya ce, "To ina namun?" Yaron nan kullum ni ke cin sa a wasan jika da kaka, ranar ya ci ni.

NNS Aradu, mai lamba F89, ba ƙaramin jirgi ba ne a tarihi. Kamfanin Blohm & Voss na birnin Hambug ne ya ƙera shi, wato ma'aikatar da ta saki Bismarck a ruwa a 1939 ita ta saki Aradu a 1980, ya shiga aikin rundunar sojan ruwan Najeriya a 1982. Tsawonsa ya ɗan haura mita 125. Shi ne na farko a duniya da aka gina bisa tsarin da Jamusawa ke kira MEKO, inda ake ƙera igwa da na'urori a cikin akwatunansu daban, a zo a zura kowanne a gurbinsa. Da na karanta wannan sai da na yi murmushi, ashe shi ma haɗa shi aka yi kamar nawa. A 2005 ya je har Portsmouth a Ingila ya shiga jerin jiragen ƙasashe a bikin cika shekara 200 da yaƙin ruwa na Trafalgar. Amma ni da jikana mun bincika kantunan intanet a wayarsa har cajin ya ƙare, Bismarck iri-iri, Yamato na Japan iri-iri, kwalin Aradu ko ɗaya ba mu gani ba.

Sai na ce bari in sassaƙa shi da kaina. Na zaɓi awon 1:200, ya tashi kusan santimita 63. Gangar jikin katako ce mai laushi da na jera falle-falle na manne, na bi da magagari da samfefa, na cike ramuka da bodi-filan masu gyaran jikin mota. Bangon ɗakunan sama gwangwanin lemo ne da na buɗe na miƙar. Bakin babbar igwar gaba, mai milimita 127, allurar sirinji ce. Shinge kuwa wayar tagulla ce daga ƙonannen kwayil da wani mai gyaran fanka ya ba ni kyauta, yana yi mini kallon da Alhaji ke yi mini. Wata 8 ke nan, kuma na maƙale. Hotunan da na samu duk daga gefe aka ɗauke su ko daga goshi. Ƙasar Ajantina ta sayi jirage 4 'yan gidan su Aradu, hotunansu sun taimaka, amma injinansu da wasu kayansu sun bambanta, kuma ni ba zan manna abin da ban tabbatar ba.

Ba Aradu kaɗai ba ne. Sojan ruwanmu na da wata al'ada mai kyau ta raɗa wa jirage 'yan gida ɗaya sunan dabba ɗaya cikin harsuna daban-daban: Ekpe da Damisa da Agu, ko Kyanwa da Ologbo da Nwamba. An yi Dorina, ga Kada, ga Karaduwa da aka ƙera a nan gida, a ma'aikatar jiragen sojan ruwa da ke Legas, aka ƙaddamar a 2016. Yaron Katsina nawa ne ya san akwai jirgin yaƙi mai sunan kogin jiharsu?

Roƙona ga rundunar shi ne ta fitar da zanen siffar waje na tsofaffin jiragenta, gefe da sama da goshi, da awo. Babu wani sirri a abin da duk mai tsaye a bakin tasha yake gani. Na san zubin roba na da tsada, ba na cewa masana'antun Sharaɗa da Bompai su bar bokiti da buta su koma jirgi. Amma a ƙasar Poland an daɗe ana buga irin waɗannan jiragen a takarda mai kauri, yaro ya yanka da almakashi ya naɗe ya manne, kuma kowace maɗaba'a a Kaduna za ta iya wannan. Yaranmu da ke ƙera motar kara da ta gwangwani har da ƙofa mai buɗewa suna da hannun, awo ne kawai ba a nuna musu ba. Na koyar da kashi da ma'auni a allo shekara da shekaru, ban taɓa ganin ya zauna a kan yaro ba kamar ranar da jikana ya raba 125 da 200 da kansa don ya san tsawon katakon da za mu sayo.

Kafin nan, in akwai tsohon sojan ruwa cikin masu karatu da ya yi aiki a kan Aradu, ina neman hoton bayan jirgin daga sama, wajen da helikwafta ke sauka da rufin ɗakinsa, ko da zanen biro ne a bayan ambulan. A aiko ta hannun Edita. Gangar jikin na nan a ƙarƙashin baho tana jira, uwargida kuma ta fara tambayar bahonta.

Wassalam.

Tsohon malamin zane,
Tudun Wada, Zariya.