Hunturu ya shigo: kira ga iyayen yara a kan kwalaben bitamin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da iyayen yara, musamman na nan Sakkwato da kewaye, a kan wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk shekara idan sanyi ya kama. Ni ma'aikaciyar lafiya ce da ta yi ritaya, na shafe mafi yawan shekarun aikina a ɗakin awo da rigakafin yara, kuma ko yanzu da nake zaune a gida cikin jikoki, maƙwabta ba su daina yin sallama da goyo a baya suna cewa Hajiya a duba mana ba.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san yadda lamarin yake daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Iska mai ƙura ta taso daga hamada, hazo ya rufe gari har rana ta koma kamar farin faifai, leɓɓa su tsage, ƙafa ta yi kaushi, yara kuwa majina ba ta yanke musu, tari kuma ya hana uwa barci. A daidai wannan lokaci ne kantunan magani ke cika da kwalabe masu hoton jariri ɓulɓul, wannan a ce na ƙarfafa garkuwar jiki ne, wancan na ƙarin jini, wani kuma na sa cin abinci, masu talla a mota da lasifika su ma su bi kasuwannin ƙauye suna zuba alkawari. Uba ya ciro kuɗin da ya sha wahala kafin ya samu ya saya, ya koma gida zuciyarsa a kwance cewa ya yi wa ɗansa katanga da ciwo. Ban ga laifinsa ba, domin ƙauna ce ta sa shi. Abin da ke damuna shi ne katangar da yake zaton ya gina sau da yawa ba ta tare komai.

A hunturun bara wata yarinya maƙwabciyata, mai haihuwar fari, ta shigo mini bayan sallar isha'i da ɗanta ɗan wata 14. Ta kwance bakin leda ta jera mini kwalabe uku a kan tabarma, ta ce kwana huɗu ke nan yana tari da zazzaɓi, kuma ta rantse ba ta taɓa tsallake masa ko cokali ɗaya ba tun da sanyi ya fara. Na ɗaga rigar yaron, na haska fitila, na sa agogo a gabana ina ƙirga numfashinsa. A minti ɗaya na ƙirga 56, ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska. Da na nemi katin rigakafinsa, sai na tarar rabonsa da asibiti tun yana ɗan wata uku da rabi, ba a yi masa allurar ƙyanda ba, ba a kuma taɓa ɗiga masa bitamin A ba. A daren muka tashi mahaifinsa muka nufi asibiti, aka ce limoniya ce, wato ciwon huhu, aka kwantar da shi, Allah cikin ikonsa ya ba shi lafiya. Har yau idan na tuna fuskar yarinyar nan sai tausayi ya kama ni, domin ba sakaci ta yi ba. Ta yi iyakar abin da aka gaya mata shi ne kulawa, kuma kwalaben nan ne suka sa ta jinkirta kwana huɗu tana jiran su yi aiki.

Ya kamata mu fahimci abin da bitamin yake yi a jiki. Aikinsa cike giɓi ne. Yaron da abincinsa ya gaza, jikinsa ya rasa wani sinadari, idan aka ba shi abin da ya rasa zai amfana ƙwarai. Amma yaron da ba shi da wannan rashi, ƙara masa cokali biyu ko uku ba zai ninka masa garkuwa ba. Bitamin C da ake yawan saya saboda mura ba ya hana ta kama yaro, iyakar abin da aka gani shi ne yana iya ɗan rage kwanakinta kaɗan, abin da ya yi wa jiki yawa kuma ya fita a fitsari. Ita mura ƙwayar bairas ce ke kawo ta, takan yi mako guda zuwa kwana goma ta wuce da kanta, kuma ƙaramin yaro lafiyayye yakan yi ta sau shida ko fiye a shekara ba tare da wannan ya zama alamar rauni ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake haɗa wa iyaye a kanti ba ya taɓa ta, sai dai ya koya wa cututtukan da ke jiki jure magani, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki.

Akwai kuwa bitamin ɗin da na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma abin mamaki shi ne kyauta ake ba da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara daga wata 6 zuwa wata 59 bitamin A a ƙasashen da ƙarancinsa ya yi yawa, irin tamu. Ɗan wata 6 zuwa 11 ana ba shi shuɗin ƙwanso mai ma'auni 100,000 sau ɗaya, daga shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyar kuma jan ƙwanso mai ma'auni 200,000 duk bayan wata huɗu zuwa shida. Da almakashi ake yanke ɗan bakinsa a matse man a harshen yaro, aikin da bai kai minti ɗaya ba, hanta kuma ta adana shi ya yi wa yaro watanni yana amfani. Shi ne ke kiyaye lafiyar ido da fatar da ta lulluɓe hanyar numfashi da hanji, wato ƙofofin da cuta ke bi ta shiga, kuma yana rage mutuwar yara daga gudawa da ƙyanda. Ana raba shi a makon lafiyar mata da ƙananan yara da ake yi sau biyu a shekara, tare da maganin tsutsar ciki. Na sha zama a wannan mako da kwali cike da ƙwanso har la'asar, iyaye ƙalilan ne suka zo, alhali kantin maganin da ke tsallaken titi ba masaka tsinke. Mutanenmu sun ɗauka abin da ba a biya kuɗi ba ba shi da ƙarfi, wannan tunani kuwa ya cutar da mu ba kaɗan ba.

Haka nan sinadarin zinki yana da gurbinsa, amma gurbin nasa gudawa ce: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari, jaririn da bai kai wata 6 ba kuma rabin haka. Sai alluran rigakafi, waɗanda su ne ke koya wa jiki gane abokin gaba tun kafin ya iso. Alluran mako 6 da 10 da 14 suna ɗauke da kariya daga tarin shiƙa da ƙwayoyin da suka fi kawo limoniya, ta ƙyanda kuma a wata 9 da wata 15. Mu da muke cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa idan rani ya yi, waɗanda suka ga annobar 1996 da ta 2017 da idonsu, ba mu ne ya kamata a roƙa a kan rigakafi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, garkuwar da yaro zai shiga hunturu da ita tun da damina ake tara ta.

Wanda yake son ganin inda raunin garkuwa ke kai yaro, ya tuna cewa a cikin garin nan ne aka kafa asibitin yara masu cutar noma a 1999, cutar da ke farawa da gyambo a dasashi ta cinye naman kumatu da leɓe cikin 'yan kwanaki. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ta raunana, sau da yawa bayan sun tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Yaran da ake kawowa can ba rashin kwalbar kanti ne ya kai su ba. Abinci mai gina jiki da allurar ƙyanda da tsaftar baki suka rasa.

Wannan ya kawo ni ga tukunya, inda nake ganin a nan ne kuɗin uba ya fi yin amfani. Cikin hikimar Allah, lokacin da sanyi ke tsananta shi ne lokacin da fadamunmu ke cika kasuwa. Daga Kwalkwalawa zuwa bakin madatsar Goronyo, noman rani na fitar da karas da tumatir da alayyahu da kabeji da albasa, ga lemo ana shigowa da shi da araha. Karas da kabewa da ganyen zogale da manja duk suna ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, sai dai yana buƙatar maiƙo kafin hanji ya tsotse shi, shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa da kakanninmu suka saba ya fi yadda muke zato daraja. Farin garin 'ya'yan kuka da ake damawa a nono cike yake da bitamin C. Abin da ke ɓata mini rai shi ne in ga yaron da aka fara bai wa abinci a wata 6 ana ɗura masa tsinkakken koko safe da yamma, ruwa ne zalla da ɗan ƙulli, ciki ya cika jiki bai samu komai ba. Idan aka soya gero da waken suya da gyaɗa aka niƙa tare, aka dama shi da kauri yadda zai tsaya a cokali, aka sa ɗan manja, to an yi abinci. Ƙwai ɗaya, ɗan yankin hanta sau ɗaya a mako, ko garin busasshen kifi a miya, sun fi kwalbar ƙarin jini. Camfin da ke cewa yaro idan ya saba da ƙwai zai yi sata ba shi da tushe a addini ko a likitanci, ya kamata mu binne shi. Shayi kuma da ake haɗa wa yara da abinci saboda sanyi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa zalla ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata, kuma Alƙur'ani mai girma a Suratul Baƙara ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa.

Na san halin da ake ciki. Tsadar abinci ta kai inda ta kai, kuma 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya raba da gonakinsu a Isa da Sabon Birni da Rabah ba su da zaɓin abin da za su sa a tukunya. Yaran irin waɗannan gidaje, a kai su a auna damtsensu da zaren awo. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, kuma maganinta abincin musamman ne da ake bayarwa a cibiyoyin lafiya. Ina roƙon masu saye da sayar da wannan abinci a kasuwa su ji tsoron Allah, domin daga bakin yaron da ke gab da mutuwa aka ƙwace shi.

Kwalaben kuma ba rashin amfani kaɗai ne aibinsu ba. A 2008 wani maganin fitowar haƙori da aka gurɓata da sinadari mai guba ya lalata ƙodar yara a ƙasar nan, 84 suka rasu, a 2022 kuma kusan yara 70 suka rasu a Gambiya sanadiyyar gurɓataccen maganin tari. Ko mai kyau ne, bitamin A idan ya yi yawa yana taruwa a hanta ya zama guba, maganin ƙarin jini kuma idan yaro ya samu kwalbar ya shanye saboda zaƙinta zai iya kashe shi. Wasu magungunan sa ƙiba suna kumbura kumatu ne kawai, a ƙarƙashi kuwa suna karya garkuwar da ake son ginawa. Duk wanda ma'aikacin lafiya ya rubuta wa ɗansa wani bitamin, ya saya a kantin da ke da rajista, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya kuma guji wanda ya wuni a tire cikin rana. Zuma tana sassauta tari ga yaron da ya haura shekara ɗaya, amma ba a bai wa wanda bai kai ba.

Sai kaskon garwashi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga domin jin ɗumi. Hayaƙin nan yana raunana huhun yaro ya buɗe wa limoniya hanya, wani lokaci ma ya kwantar da mutanen ɗaki gaba ɗaya barcin da ba a tashi. Gara a ƙara wa yaro riga da hula da safa, a bar wa iska mashiga.

Ina so kowace uwa da kowane uba su iya ƙirga numfashi kamar yadda na yi a daren nan, domin agogon waya ya isa. A bari yaro ya natsu, a ɗaga riga, a ƙirga minti ɗaya cur. Idan jaririn da bai kai wata 2 ba ya yi 60 ko fiye, ko ɗan wata 2 zuwa 11 ya yi 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya yi 40, ko ƙasan ƙirji na lotsawa, ko ya ƙi nono, ko yana jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, to a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 700,000 a duniya a 2019, alhali idan aka kai da wuri maganinta ba shi da tsada. Ga iyaye maza kuma, a bar wa matan gida izini da kuɗin abin hawa tun kafin a fita, kada a ce sai maigida ya dawo.

Ina kira ga ma'aikatar lafiya ta jiha da ta riƙa sanar da makon lafiyar yara da wuri a Rediyon Rima, ta kuma sa hakimai da masu unguwanni da limaman Juma'a cikin lamarin, domin maganarsu ta fi tamu shiga. Kai kuma Malam Edita, roƙona gare ka shi ne idan lokacin ya matso jaridarka ta buga ranakun da wuraren da za a yi rabon a ƙananan hukumomi 23 na jihar nan, yadda mai karatu zai yanke shafin ya kai wa maƙwabcinsa.

Wassalam.

Taku,
Wata ma'aikaciyar lafiya mai ritaya,
Sakkwato.