Zuwa ga ɗiyata a Kumasi, kan kalmomin ɓacin rai

Ɗiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya baƙunta? Mu nan Maraɗi kowa lafiya lau, sai zafi da ya sako mu gaba.

Mamanki ta kunna mini saƙon muryar da kika turo mata, inda kike cewa matar da kike haya a gidanta ta daina amsa gaisuwarki tun ranar maganar ɗaki. Sai da na sa ta maimaita mini wurin da kika faɗi abin da kika ce wa matar. Ta yi miki alkawarin ɗaki mai taga, ta ba wata, ke kuma kika ce mata "You deceived me". Na san abin da ke ranki, "vous m'avez déçue" kike nufi, wato kin sa rai abin bai samu ba. Amma abin da ya shiga kunnenta shi ne kin tsaya a tsakar gidanta kin kira ta mayaudariya. Déception a Faransanci takaicin rashin samun abin da aka sa wa rai ne, deception kuwa a Ingilishi yaudara ce tsagwaronta. Kalmar da kika nema ita ce disappointed. Ki riƙe ɗan abu a hannu, ki same ta da yamma in gida ya yi tsit, ki durƙusa ki gaishe ta, ki gaya mata Faransanci ne ya ja bakinki. Kada ki aiki kowa, ke za ki je da ƙafarki.

Shekarun da na yi ina koyar da Ingilishi a kwaleji sun nuna mini cewa ɗan lakwal ɗinmu ba a kalmar da bai sani ba yake faɗawa rami, a wadda yake ganin ya sani ne. Dalili kuwa tsoho ne. A 1066 Wiliyam, sarkin Normandi ta arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu shekaru aru-aru, dubban kalmomi suka tsallaka cikin Ingilishi. Da yawa sun riƙe ma'anarsu, shi ya sa karatun takardu yake zo miki da sauƙi. Wasu kuma siffar kawai suka riƙe, kuma abin haushi sun yi yawa a fagen da ya fi hatsari, fagen abin da ke cikin zuciya.

In wani ya ɓata miki rai kika fassara blessée kika ce "I am blessed", albarka kika ce kin samu, sai a taya ki murna. Hurt ake cewa. Mai saurin jin zafin magana, wanda Faransanci ke kira sensible, sensitive ne a Ingilishi. Sensible a wurinsu yabo ne, mai hankali ke nan. Nervous ba énervée ba ce, wato wadda haushi ya kama, fargaba ce irin ta daren jarrabawa. Grief kuma baƙin cikin rashi ne, na mutuwa, ba ƙorafin da kike da shi a kan wani ba kamar yadda take nufi a Faransanci, don haka kada ki kai wa shugaban sashenku takarda ki ce kina da grief, zai ɗauka rasuwa aka yi miki.

Abin da na fi so ki tsaya a kai shi ne nauyin kalma. A Hausa kin san tazarar da ke tsakanin jin haushi, ɓacin rai, fushi da hasala, ba wanda ya zaunar da ke ya koya miki. A Ingilishi kalma ɗaya kike da ita, angry, kin zama kamar mai hatsi a kasuwa da ba shi da tiya sai buhu: kowa ya zo, ko na tuwon dare ɗaya yake nema, buhu za a sauke masa. Su ma suna da matakai. Annoyed ɗan haushi ne, na wanda ya taka miki takalmi a cikin mota. Upset ɓacin rai ne mai haɗe da jin ciwo, kuma ita ce kalmar da na fi so ki riƙe, domin tana faɗin halin da kike ciki ba tare da ta nuna kowa da yatsa ba. Angry fushi ne sosai. Furious kuwa an kai maƙura, in kin faɗe ta a kan jinkirin abinci a kantin makaranta dariya za a yi miki.

Akwai guda biyu da zan ce ki ajiye su can. Ta farko mad. A finafinan Amurka za ki ji ana cewa "I'm mad at you" da nufin fushi kawai, amma a Gana da Najeriya mad mahaukaci ne, kuma wanda ya tambayi wani "Are you mad?" faɗa yake nema. Ta biyu hate. Masu Faransanci kan watsa "je déteste" a kan miya ko ruwan sama ba komai, to a kan abu ba laifi, amma kada ki ɗora ta a kan mutum. Haka "I am disappointed in you", ko da yake daidai take a nahawu, magana ce ta babba zuwa ga ƙarami. Ga matar gidanku ki ce abin da ya faru ne bai yi miki daɗi ba, kada ki ce ita ce ta ba ki kunya. Vex kuma za ki ji ta kullum a bakin ƴan Najeriya, "no vex" na nufin yi haƙuri. In kin yi tuntuɓe aka ce miki sorry, sannu ce, ba ɗaukar laifi ba.

Na nahawu ba zan ja su ba, kin fi ƙarfinsu in kin kula. Faransanci yana cewa "j'ai peur", wato "ina da tsoro", Ingilishi ba ya mallakar tsoro, "I am afraid" yake cewa. "I am bored" gundura ta kama ki, "I am boring" ke ce mai gundurar mutane. Kuma ki furta harafin h. Bafaranshe yana da uzuri in ya cakuɗa hungry da angry, tunda harshensa ba ya furta shi, ke kuwa da kika tashi da haƙuri da hankali a baki ba ki da hujjar ce wa mai abinci kina fushi alhali yunwa kike ji.

Kunya tamu kalma ɗaya ce, su sun raba ta uku. Shy ita ce ta ɗabi'a, wadda ke hana ki ɗaga hannu a aji. Embarrassed ta ɗan lokaci ce, kamar a kira sunanki ba ki shirya ba. Ashamed ta wanda ya aikata abin assha ne. In malami ya tambaye ki me ya hana ki magana kika ce "I am ashamed", zai koma gida yana tunanin me yarinyar nan ta yi.

Sauran kalmomin ba don mutane nake so ki koye su ba, don kanki ne. Na san halinki, na gidanmu ne: komai ya yi zafi sai "lafiya lau", yanzu kuma kin samu "I'm fine" kin maƙale mata. Seule a Faransanci ta haɗa abu biyu da Ingilishi ya raba: alone, ba kowa tare da ke, da lonely, kaɗaici ko da kina cikin taro. Kewar gida homesick ce, ba abin kunya ba ce, duk ɗalibin da ya bar ƙasarsa ya san ta. Worried damuwa ce a kan abu takamaimai, kuɗin makaranta ko jarrabawa. Anxious fargaba ce da kan zauna a ƙirji ko ba dalili a fili. Depressed kuma kada ki yi wasa da ita yadda ake cewa "je déprime" don an yi hadari. Amma in kika ga makonni sun wuce ba barci, ba cin abinci, abin da kike so da can ya fita ranki, to ki je asibitin makaranta ki faɗe ta ga likita da bakinki, sannan ki kira ni. Addu'a muna yi, magani kuma a nema.

Na ji kina yawan zuwa Zango, can da za ki yi Hausa ki ci tuwo. Ki je, ki gaishe da manya, amma kada ki mai da shi maɓoya. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki a Nijar tare da Faransanci, abin da kika je nema ya ƙara daraja, kuma ba a Zango za ki same shi ba. Ki ware shafi a littafinki, duk kalmar ɓacin rai da kika ji ki rubuta ta tare da wanda ya faɗa, wa ya faɗa wa, da yadda fuskar wancan ta yi.

Kuɗin haya zan turo ƙarshen wata in Allah ya yarda. Ki sanar da ni yadda kuka yi da matar gidan kafin Juma'a. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki, Inna kuma ta ce ki riƙa rufe kanki da dare saboda sauro.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki