A Sauƙaƙa wa Ɗalibai Ranar Farko ta Koyon LaTeX

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan LaTeX, tsarin shirya rubutu a kwamfuta wanda masana lissafi da kimiyya suka dogara da shi wajen buga muƙalu da kundayen digiri. Donald Knuth na Jami'ar Stanford a Amurka ya fitar da tushensa, wato TeX, a 1978, daga baya Leslie Lamport ya gina LaTeX a kansa domin marubuci ya huta da ƙananan umarni. Babu mai musun kyawun aikinsa, musamman wajen jera alamomin lissafi.

Matsalar tana ranar farko. Na ga ɗalibai masu ƙwazo sun yi watsi da shi tun kafin su rubuta shafi ɗaya, saboda an fara musu da dogon jerin umarnin da ake sawa a saman takarda, sannan da sun manta rufe baka guda ko alamar dala da ake kewaye lissafi da ita, sai kwamfuta ta jero musu saƙonnin kuskure da Turancin da ko malaminsu sai ya yi tsaki kafin ya gane bakin zaren.

Mai rubutu da Hausa kuwa yana da ƙarin nauyi. Injin pdfLaTeX, wato manhajar da ke mayar da rubutun LaTeX zuwa takardar PDF, wanda galibi da shi ake fara koyarwa, yakan tsaya cak idan ya ci karo da ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ, sai an yi masa dabara. Ɗalibar da ke son rubuta sunan garinsu daidai a shafin sadaukarwa takan ɗauka laifin nata ne, alhali wani injin mai suna XeLaTeX, wanda ya samo asali daga aikin Jonathan Kew na 2004, yana karɓar waɗannan haruffa kai tsaye muddin an zaɓi salon rubutu mai ɗauke da su.

Shawarata ga sassan jami'o'inmu ita ce kowane sashe ya tanadi samfurin kundi da aka riga aka saita a kan XeLaTeX, da bayanin kowane layi cikin Hausa, ta yadda ɗalibi zai fara da cike gurbi, ya ga sakamako nan take, sannan ya koyi umarnin ɗaya bayan ɗaya. Overleaf, shafin intanet da ake rubuta LaTeX a cikinsa, yana sauƙaƙa wannan domin ba ya buƙatar saka komai a kwamfuta, sai dai yana buƙatar intanet, don haka a raba samfurin a filashi ga waɗanda kuɗin data ke yi wa wuya.

Naka,
Wani malamin lissafi, Zariya