Wasiƙa zuwa ga Babana a Detroit

Babana,

Assalamu alaikum. Muna nan lafiya, sai ƙafar mahaifiyarka da ke motsawa idan sanyi ya shigo. Ina fatan kai da Maryam da yaran kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ba daga bakinka na ji ba, kuma wannan ne ya fara sosa mini rai. Yayarka Hajara ce ta zo gaisuwa, maganar ta kuɓuce mata, wai ka aiko wa Sani ya nemo mai sayen filinka na Rijiyar Zaki, za ka haɗa da abin da ka tara ka shiga gwanjon gidajen da hukuma ta ƙwace saboda bashin haraji. Wai da kaka mai zuwa za ka rabu da haya. Na san haya ta ishe ka, ba kuma ni za a koya wa ɗacinta ba. Amma da ka fara tuntuɓata.

Na sa Sani ya zauna ya karanto mini yadda abin yake, don kada ka ce tsoho yana magana da ka. A gundumar Wayne, inda Detroit take, idan haraji ya yi shekara uku a kan gida ba a biya ba, sai ma'ajin gunduma ya kai kotu a ƙwace. Kafin nan ruwan da ake ɗorawa yana kai 18 cikin ɗari a shekara. A watan Satumba a yi gwanjon farko da farashin bashin, abin da ya yi kwantai a sake fito da shi a Oktoba, inda aka daɗe ana farawa daga dala 500. Na tabbata wannan 500 ɗin ce ta shiga idonka. To, ba a buɗe maka ƙofa ka duba ciki kafin ka taya. Gidan da ya daɗe a rufe, ɓarayi sun zare wayar wuta da bututun jan ƙarfe, sun ɗauke injin ɗumama ɗaki, rufi yana yoyo, ga hunturun garin nan naku. Takardar da za su ba ka ma ba ta ɗauke da lamunin cewa babu wata rigima a kan gidan, sai ka ɗauki lauya ya wanke ta a kotu. Araha ba ta ado, Babana.

Amma da asarar kuɗi ce kawai, da ban ɗauki alƙalami ba. Kuɗi ka nema ka samu, za ka sake nema. Abin da ya hana ni barci shi ne da yawa daga gidajen nan akwai mutane a ciki. Ka taya a kwamfuta kana zaune a falonka, ka ci gwanjo, ka tuƙa mota ka je ganin gidanka, ka tarar da labule a taga da keken yaro a bakin ƙofa. Daga nan fa? Kai ne za ka kai ƙara a ba su takardar tashi. Kai ne za ka tsaya ma'aikatan kotu suna fito da katifa da tukwane suna zubewa a bakin titi. Kai, Babana, da ka ga ranar da aka fitar da mu daga gidan Ƙofar Mata da idonka! Kana riƙe da zanen mahaifiyarka lokacin da kwallayenta suka gangara cikin kwata, maƙwabta sun yi cirko-cirko, babu mai iya haɗa ido da ni. Shi ma mutumin takarda ce a hannunsa, mai hatimi, babu wanda ya isa ya ce ya karya doka. Har yau mahaifiyarka ba ta bin layin nan.

Kada ka ce mini sakacinsu ne. Tsakanin 2011 da 2015 kusan ɗaya cikin kowace kadara huɗu ta Detroit an ƙwace ta saboda haraji, kana ganin duk mutanen nan 'yan sakaci ne? Dokar jihar Michigan ta hana a ƙiyasta gida sama da rabin kuɗinsa na kasuwa wajen yanka haraji, amma bayan farashin gidaje ya faɗi an yi shekaru ana yanka wa mutane fiye da ƙima. A 2020 jaridar Detroit News ta lissafa cewa abin da aka ɗora wa masu gidaje ba bisa ƙa'ida ba daga 2010 zuwa 2016 ya kai aƙalla dala miliyan 600. A gundumar Oakland da ke maƙwabtaka da ku, an ƙwace gidan wani Uri Rafaeli a kan cikon dala 8 da 'yan kai, aka sayar dala 24,500, hukuma ta riƙe kuɗin gaba ɗaya, sai da kotun ƙolin jihar ta ce ba daidai ba ne. A Minnesota kuwa tsohuwa ce, Geraldine Tyler, ana bin ta dala 15,000 aka sayar da gidanta 40,000 aka haɗiye ragowar. Tana da shekara 94 Kotun Ƙolin Amurka ta ba ta gaskiya a 2023. Ragowar kuɗi kotu ta ce haƙƙin mai gida ne, gidan kuwa ya tafi ke nan. Irin gidajen da kake son shigar da jikokina ke nan, su yi salla a ciki.

Na san abin da ake faɗa a kaina a dangi, har da wasu da suka ci tuwona. Wai da na karɓi gidan nan da Alhaji ya yi mini tayi lokacin gwanjon kotu, da ba ku tashi a gidan haya ba. Na ji, kuma ko gobe aka sake kawo mini ba zan karɓa ba. Na biya haya na biya makarantarku, babu wanda ya kwana yana kai ƙarata wurin Allah. In kana ganin gazawa ce, faɗa mini da bakinka, ka daina bi ta bayan gida kana sayar da fili. Turai ka je neman ilimi da halali, ba a tura ka ka koyo bushewar zuciya ba. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, ba ruwansa da teku.

Ka yi haƙuri da zafin maganata, tsoro ne ya kawo shi. Na san ba mugu ba ne kai, tun kana yaro kai ke raba abincinka da almajirai a zaure. Ina so in ga ka mallaki muhalli kafin in bar duniya, Allah ya sani. Sani ya ce akwai hukumar filayen birnin da ke sayar da gidajen da babu kowa a ciki, ana farawa daga dala 1,000 bisa sharaɗin ka gyara cikin wata shida. Idan lallai sai ka saya, duba can, ka tafi da magini ya ƙiyasta maka gyara tukuna. Kowane gida ka sa wa ido, ka je da ƙafarka ka ƙwanƙwasa, ka tambayi maƙwabta. In an amsa daga ciki, ka yi sallama ka juya.

Na hana Sani nuna filin ga kowa sai mun yi magana. Ka kira ni ranar Juma'a bayan kun sauko daga masallaci, Maryam tana kusa, don ina son jin ta bakinta ita ma. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan Ummi. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Kano