Godiya Ga Ofishin Da Ya Gyara Mini Takardun Haraji A Bronx

Assalamu alaikum Hajiya, ke da ma'aikatanki.

Na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, don 'yan'uwa direbobin tasi irina su san inda ake aiki tsakani da Allah.

An ɗaura mana aure a Kano a 2021. Da na dawo New York na shigar wa maiɗakina takardar I-130 ta neman kawo ta Amurka, aka amince, fayil ya wuce NVC, cibiyar da ke tattara takardun masu neman biza. Sai aka zo kan I-864, wadda miji ke sa hannu cewa zai ɗauki nauyin matarsa. Lauya ya buɗe takardun harajina, ya ɗan yi shiru. Shekara biyu a jere wanda yake cike mini ya rubuta ni marar aure, ni kuwa hannu kawai nake sawa, a zatona tunda ba ta ƙasar ba a lissafa ta. Ashe a wajen IRS, hukumar harajin Amurka, muddin 31 ga Disamba ta riske ka da aure, kai mai aure ne a shekarar nan, ko da matar tana Kano. A wata takarda na ce ina da mata, a wata kuma na ce gwauro ne ni. Wa zai yarda da wannan aure?

A haka na shigo ofishinki, takardu cike da leda, hankali a tashe. Ba ki yi mini faɗa ba. Kika jawo kujera kusa da kwamfuta, kika juyo mini da ita, muka bi layi-layi. Kika ce kowace shekara sai an cike mata nata fom 1040-X, na gyara harajin da aka riga aka shigar. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne ba ki ɓoye mini komai ba: in muka zaɓi mu haɗa haraji a matsayin ma'aurata, sai an nema wa maiɗakina lambar biyan haraji ta ITIN da fom W-7, kuma duk abin da take samu a Najeriya, har ɗan ɗinkin da take taɓawa, dole a bayyana shi. Muka aika Kano ta sa hannu da kanta.

IRS ba ta sauri da gyara, ana iya jiran mako 16. Shi ya sa kika haɗa mini kwafin tsofaffin takardun da sababbin, da rasit ɗin gidan waya, lauya ya ɗora gajeren bayanin yadda kuskuren ya faru. Ranar ganawar neman biza a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas, wannan fayil ɗin ne a hannunta.

Yau tana nan tare da ni. Ta ce in gaishe ki, kuma ranar Asabar in sha Allahu za mu zo tare da kwanon dambun nama. Allah Ya saka da alheri, Ya yi wa zuri'a albarka, Ya ƙara buɗi.

Naki,
wani direban tasi a Bronx